Ƙarfe ke shan guɗa, manhaja ke ɗaukar kaya

Ranar Lahadin da ta wuce, a fadarmu, muna jiran shayi na biyu ya nuna, wani abokina tsohon mushen lissafi ya ɗaga waya ya karanto mana wani labari. Wai babbar na'urar nan ta cibiyar CERN da ke kusa da Jeneba za ta shiga hutu na kusan shekara huɗu, kuma cikin ayyukan da ake fama da su kafin ta dawo har da sake rubuta manhajojin da ke tace bayananta. Ya ajiye wayar ya dube ni ya ce, "Malam, kai da kullum kake kare mutanen nan, ba ni amsa. Manhajar da ta gano musu abin da aka ci kyautar Nobel da shi, yau ita ce ta tsufa? Ai da tsohuwar zuma ake magani. Wannan dabarar cin kasafi ce irin wadda muka saba gani, sai dai su cikin kwat suke yin tasu." Aka kwashe da dariya. Na buɗe baki zan amsa ke nan mai shayi ya miƙo kofi, hira ta koma kan tsadar shinkafa.

To Mushe, ga amsarka a rubuce, tunda fada ba ta ba ni fili ba. Ka yi kuskure, kuma ba kai kaɗai ke yin sa ba. Ciwo ne da ya kama masu mulki da masu ba da kuɗi da ƴan jarida, ya kama har wasu daga cikin masanan su kansu: ganin cewa abin da mutum zai iya tsayawa gabansa a ɗauke shi hoto shi ne aiki, abin da ke cikin kwamfuta kuwa ƙarin gishiri ne da kowane yaro zai iya yi da daddare. Ni kuwa ina cewa a irin wannan bincike, sabunta manhaja wani ɓangare ne na binciken kansa, kuma duk wanda ya ce a bar ta yadda take tunda tana aiki, ya yanke wa bayanan hukuncin mutuwa ko da bai sani ba.

Na'urar da ake magana a kai sunanta LHC. Zobe ne mai tsawon kilomita 27, binne kamar mita 100 ƙarƙashin ƙasa a kan iyakar Faransa da Suwis. A cikinsa ake koro ƙwayoyin furoton, waɗanda ke cikin ƴan mitsi-mitsin abubuwan da suka haɗu suka yi cibiyar ƙwayar zarra, wasu ta dama wasu ta hagu, da gudun da ya kusa na haske, sannan a sa su yi karo a wurare huɗu. Kowane wuri da ƙaton ma'auninsa da ya kewaye inda ake karon: ATLAS, CMS, ALICE da LHCb. ATLAS kaɗai tsawonsa mita 46, tsayinsa mita 25, nauyinsa tan 7,000. Shi ake nunawa a talabijin, gabansa manyan baƙi ke tsayawa da hular kwano. Amma ƙaton nan ba ya gani yadda ido ke gani. Abin da yake fitarwa lambobi ne zalla: zare kaza ya ji wucewar wani abu a lokaci kaza, ɗaki kaza ya sha ƙarfi kaza. Babu mahaluƙin da ya taɓa ganin ƙwayar Higgs, domin tana rushewa nan take bayan haihuwarta. Abin da aka sanar wa duniya ranar 4 ga Yuli 2012 wani ɗan tudu ne a kan zanen ƙididdiga, kuma manhaja ce ta tattaro lambobin nan, ta mai da su sawu, ta mai da sawun ƙwayoyi, ta tara su har tudun ya fito. Cire manhajar, abin da ya rage maka tan 7,000 ne na ƙarfe da waya a cikin rami.

Yanzu ga inda maganar ke da zafi. Dungulen furoton na ratsa juna har sau miliyan 40 a sakan guda, kuma kowace ratsawa na haifar da karo gommai. Babu rumbun da zai iya ajiye wannan duka. Saboda haka dole a yi shiƙa nan take: a ATLAS da CMS, matakin farko na rage miliyan 40 ɗin zuwa kamar 100,000, mataki na biyu wanda manhaja ce tsantsa ya rage su zuwa ƴan dubbai a sakan. Sauran kuwa an zubar. Ba a juye su wani wuri don a duba gobe ba, sun tafi har abada. Ƙwayar Higgs kuma takan fito kusan sau ɗaya ne cikin karo miliyar guda. Ka ga ke nan mai shiƙar da ke tsaye a nan ita ce ke yanke abin da masana za su iya gani da abin da ba za su taɓa gani ba. In faifanta ya karkace, tsaba ta bi ƙaiƙayi, babu farfesan da zai dawo da ita komai yawan digirinsa. Wannan ita ce manhajar da kake cewa a bari kada a taɓa.

Dubi abin da mutanen LHCb suka yi. A zagaye biyu na farko na aikin na'urar, matakin shiƙarsu na farko da kayan lantarki aka gina shi, yana barin miliyan ɗaya ne kawai a sakan su wuce. Matsalar ita ce wannan mataki ba ya iya duba sawu da kyau, ƙarfi kawai yake aunawa sama-sama, don haka in aka ƙara yawan karo sai a ƙara tsananta sharaɗi, a zubar da mai kyau tare da marar kyau, riba ba ta ƙaruwa. Sai suka yanke shawarar da mutane da yawa suka ga kamar ganganci ce: suka cire matakin gaba ɗaya, suka ce manhaja za ta karanta komai, kusan ratsawa miliyan 30 a sakan, wato bayanai na terabayit 4 a kowane sakan. In kwamfutarka mai rumbun terabayit ɗaya ce, sakan guda zai cika huɗu irinta. Manhajar da suka rubuta don wannan aiki tana gudu ne a kan katin GPU, irin wanda aka ƙera tun asali don zana hotunan wasannin bidiyo, kuma suka sa mata suna Allen don tunawa da Frances Allen, mace ta farko da ta ci kyautar Turing a 2006. Da ita suka shiga zagaye na uku da ya fara a 2022, da shirin karɓar karo ninki biyar na abin da suke karɓa a da. Tsohuwar manhajar ba ta yi laifin komai ba, Mushe. An gina ta ne don wani kaya, kayan kuma ya canza. Sirdin jaki ba ya hawa raƙumi.

Abin da ke tafe ma ya fi wannan nauyi. Hutun da ka karanta, wanda aka tsara farawa a 2026, don a ƙara wa na'urar yawan karo ne, ta dawo aiki wajajen 2030. A zagaye na uku, kowace ratsawa a ATLAS ko CMS na zuwa da karo kamar 60 a tare. Bayan gyaran za su kai 140, har zuwa 200. Mai lissafin gaggawa zai ce to ai sai a sayi kwamfuta ninki uku, magana ta ƙare. Kai da ka koyar da lissafi ka san ba haka ba ne. Ka ɗauki mai bin sawu da aka kira da asuba bayan jaki ɗaya ya ratsa fili: zai bi shi har gida ba wahala. Ka kira shi yammacin ranar kasuwa, bayan dabbobi ɗari biyu sun tattake filin. Kowane tambarin kofato zai iya haɗuwa da wasu ɗaruruwa, hanyoyin da zai gwada kafin ya tabbatar da sawu ɗaya sun ninka fiye da yadda dabbobin suka ninka. Haka manhajar haɗa sawun ƙwayoyi take: lokacin da take ci na hawa da sauri fiye da yawan karon. ATLAS da CMS sun yi nasu hasashen sun wallafa, kuma abin da ya nuna shi ne in aka tafi da tsohon salo, buƙatar kwamfuta da ta rumbun ajiya za ta zarce abin da kasafin da ba ya ƙaruwa zai iya saye. Bayanan nan fa ba a CERN kaɗai ake sarrafa su ba, ana rarraba su ne ga cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe fiye da 40, kowace da kuɗin kuran da take biya da kuɗin sanyaya ɗakuna. Manhajar da ta rage lokacin aiki da kashi ɗaya cikin biyar ta rage wa duka waɗannan cibiyoyi nauyi a lokaci guda. Wanda ke tsoron a ci kasafi, shi ya kamata ya fi kowa son a gyara ta, don barin ta shi ne babbar ɓarnar kuɗi.

Akwai kuma wani dalili da ba daga na'urar ya fito ba, daga kasuwar kwamfuta ya fito. Shekaru da yawa masu rubuta manhaja sun sha daɗi: ka rubuta bana, kwamfutar baɗi ta gudanar da ita da sauri fiye da ta bana ba tare da ka taɓa komai ba. Wajajen 2005 wannan garaɓasa ta ƙare, domin ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta gudu na sa ta zafin da ba a iya sanyayawa. Sai masu ƙira suka koma zuba ƙwaƙwale da yawa cikin guntu ɗaya. Manhajar da aka rubuta don ma'aikaci ɗaya ba ta san yadda za ta raba aiki ga ma'aikata sittin ba. Dabarar da aka fara yi ita ce a ba kowace ƙwaƙwalwa nata kwafin manhajar, da nata taswirar ma'aunin, da nata jadawalin ƙarfin maganaɗisu. Kamar aji ne da aka ce kowane ɗalibi sai ya baje nasa ƙaton ƙamus a kan benci: kafin a fara darasi wuri ya ƙare. A cibiyoyin nan abin da aka saba tanada wa kowace ƙwaƙwalwa gigabayit 2 ne na wurin aiki, kuma manhajar ta fara fin ƙarfinsa. Mafita ita ce a ajiye ƙamus ɗaya kowa ya duba, amma hakan na nufin a bi rubutun layi-layi a tabbatar babu inda ma'aikata biyu za su yi rubutu a shafi ɗaya a lokaci ɗaya. CMS ta riga ta yi wannan juyi tun a zagaye na biyu. ATLAS, wadda manhajarta mai suna Athena ke da layuka miliyoyi da ɗaruruwan hannuwa suka rubuta cikin shekaru fiye da ashirin, ta ɗauki shekaru tana aikin kafin ta shiga zagaye na uku da shi. Babu wanda ya yanka ƙyalle ranar da aka gama, babu tashar da ta nuna.

Ko da ma na'urar ba ta canza ba, ƙasar da manhaja ke tsaye a kai motsi take yi. Harshen Python na biyu, wanda aka rubuta dubban ƙananan umarni da shi, masu kula da shi sun daina ranar 1 ga Janairu 2020. Scientific Linux, tsarin da Fermilab ta Amurka da CERN suka raina don aikin kimiyya, an sanar a 2019 cewa ba za a fitar da sabon zubinsa ba. CentOS 7 da cibiyoyi da yawa suka dogara da shi ya kai ƙarshen wa'adinsa ranar 30 ga Yuni 2024. Tsarin da aka daina toshe wa ɓaraka, kuma yana haɗe da intanet, gida ne da aka cire wa ƙyaure. Mu da muka tashi cikin gidajen ƙasa mun san wannan magana tun muna yara. Katanga ba ta cewa za ta faɗi. Wanda ya ƙi yin yaɓe don bara ba ta zuba ba, wata damina zai kwashe kayansa cikin ruwa. Ba a taɓa jin an kira mai yaɓe ɓarawon kasafi ba.

In kana son ganin abin da ke faruwa in aka bar manhaja ta kwanta, ga labarin JADE. Gwaji ne da aka yi a cibiyar DESY da ke Hamburg a Jamus daga 1979 zuwa 1986, haɗin gwiwar Japan da Jamus da Ingila. Bayan an rufe shi da kusan shekara goma, wasu masana, cikinsu har da Siegfried Bethke, suka ga cewa da sabbin dabarun lissafi za a iya auna ƙarfin da ke ɗaure cibiyar zarra daga waɗannan tsofaffin bayanai, a matakin ƙarfin da babu wata na'ura da ke aiki a kansa kuma. Suka koma nema. Bayanan na nan a faya-fayai, amma manhajar da ke karanta su an rubuta ta ne don manyan kwamfutocin IBM na wancan zamani, da Fortran da wasu rassansa irin su SHELTRAN da MORTRAN waɗanda kusan babu mai amfani da su kuma. Sai da aka yi shekaru ana farfaɗo da ita. Wani jadawali mai muhimmanci ma ya ɓace daga kwamfuta ɗungurungum, a kan takarda aka tsinto shi, aka zauna aka sake buga lambobinsa da hannu. Sun yi nasara, sun fitar da sabbin sakamako daga gwajin da aka daɗe da rushe ƙarfensa. Amma ka duba siririn zaren da abin ya rataya a kai: wani ya ƙi zubar da tsohuwar takarda. Wasu gwaje-gwajen na wancan zamani ba su yi wannan sa'a ba.

Ka kwatanta da wannan: a 2023 ATLAS ta koma kan bayanan da ta tara a 2011, ta sake auna nauyin ƙwayar W da sabon salon lissafi, ta rage shakkar awon daga 19 zuwa 16 a ma'aunin MeV, ba tare da an ƙara karo ko ɗaya ba. Tsohuwar zumar da kake magana, Mushe, bayanan ne. Su ake adanawa. Manhaja kuwa tulun ce, kuma in tulu ya fara tsatsa ana juye zuma cikin sabo. Shi ya sa yanzu haka masu kula da ROOT, manhajar da René Brun da Fons Rademakers suka fara a tsakiyar shekarun 1990 kuma wadda kusan duk bayanan LHC ke cikin zubinta, suke sauya tsarin ajiyar TTree da ya haura shekara 25 da wani sabo mai suna RNTuple, mai cin wuri kaɗan da saurin karantuwa.

Ba zan yi maka rowar gaskiyar da ke wajenka ba. Sabuwar manhaja na zuwa da sabbin kurakurai. Tsohuwar an san halinta, an san inda take ɗingishi, an auna ɗingishin an sa shi cikin lissafi. In ma'aikata da yawa na aiki a tare, akan sami kuskure mai wuyar kamawa, wanda zai bayyana yau ya ɓuya gobe a kan bayanai iri ɗaya. Akwai kuma haɗarin ɗaure kai da kamfani ɗaya, domin manhajar da aka rubuta da harshen katin NVIDIA ba ta hawa katin wani kai tsaye. Duka wannan gaskiya ne. Amma maganinsa ƙarin aiki ne a kan manhajar. Ana ɗaukar karo iri ɗaya a ba tsohuwa a ba sabuwa, a gwada sakamakon zane bayan zane, duk inda suka saɓa a tsaya sai an gano dalili. CMS ta koma rubuta nata da wata dabara mai suna Alpaka da ke barin rubutu ɗaya ya hau katuna iri-iri, ALICE kuwa katunan AMD take amfani da su. Wannan gwaji da sake gwaji na cin shekaru, shi ya sa ake farawa tun yanzu don 2030. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai karo 200 sun fara zubowa sannan ya tashi gyara, shi ne zai yi gyaran gaggawa mai cike da kuskuren da kake tsoro.

Yanzu bari in juya sandata kan waɗanda ka ce ina karewa, don su ma suna da nasu kason. A wannan fage, matashin da ya shekara uku yana gyara manhajar da mutum dubu uku za su yi amfani da ita, in ya je neman kujerar koyarwa, abin da za a fara tambayarsa shi ne wane awo ya jagoranta. Takardar da ATLAS da CMS suka fitar tare a 2015 kan nauyin Higgs na ɗauke da sunaye 5,154. A cikin wannan taro, ta ina mai ɗaukar aiki zai gane wanda ya hana ginin rushewa? Sai ka ga aikin da komai ya dogara a kansa an ɗora shi kan ɗalibai da masu kwantaragin shekara biyu ko uku. In wa'adi ya cika, kamfanonin da ke biyan albashi mai tsoka na jiran su a bakin ƙofa, su tafi da abin da suka sani a ka, a bar na baya da rubutun da ba mai iya fassarawa. Masanan sun san da wannan ciwo. Ƙungiyar da suka kafa don manhajar fagen, HSF, ta fitar da taswirar aiki a 2017, kuma cikin abin da ta yi magana a kai har da horo da makomar masu wannan aiki. Amma rubuta ciwo a takarda daban, ba da kujera ta dindindin daban. Muddin jami'o'i da hukumomin ba da kuɗi na ganin mai ƙera ma'auni masani ne, mai rubuta abin da ke karanta ma'aunin kuwa ɗan aike ne, to ra'ayinsu da naka ɗaya ne, Mushe, sai dai kai a fada ka faɗi naka.

Wani zai ce, mu da ke fama da ɗaukewar kuran, ina ruwanmu da rigimar Jeneba? Ni dai ruwana ya shiga tun ina ɗalibi. A wani ɗakin gwaji da na yi aiki, akwai wata na'urar awo da aka kawo kyauta daga waje, an yi bikin karɓarta, an ci an sha. Kwamfutar da ke tafiyar da ita Windows XP ce, manhajar kuma na kan faifai ɗaya tal, tana neman wani ɗan makulli da ake sokawa a bayan kwamfutar ta wata kafa da sabbin kwamfutoci ba su da ita. Rannan zafi da ƙura suka kashe kwamfutar. Na'urar lafiyarta lau, ko ƙwarzane babu. Muka yi watanni muna yawon neman tsohuwar kwamfuta mai irin kafar, da muka samu sai faifan ya ƙi karantuwa. Awon da na tara na wata shida yana cikin wani zubi da manhajar nan kaɗai ke buɗewa, har yau ban sake ganin sa ba. Aka lulluɓe na'urar da zane, in baƙi sun zo a yaye a nuna musu. A takardar kyautar an rubuta kuɗin ƙarfe da kuɗin jirgi da kuɗin biki, ba a rubuta ko dala ɗaya don kula da manhaja ba. Duk wanda ya taɓa aiki a asibiti ko ofis ko lakwal a ƙasar nan ya san wata na'ura da ke kwance ƙarƙashin zane saboda irin wannan dalili.

Akwai kuma ribar da raina manhaja ke hana mu gani. Ba za mu haƙa ramin kilomita 27 ba, wannan ko a mafarki. Amma ROOT kyauta ce. Geant4, wadda ke kwaikwayon yadda ƙwayoyi ke ratsa abu, wadda kuma masu binciken maganin sankara da haske ke amfani da ita, kyauta ce tun fitowarta a 1998. Rubutun manhajar CMS na buɗe a GitHub, ATLAS ma ta buɗe na Athena a 2018. Tun 2014 CERN ke da shafin da take sakin ainihin bayanan karo ga duk mai so. Ta hanyar shirin Google Summer of Code, ɗalibi na iya yin wata uku yana gyara wani yanki na waɗannan manhajoji daga ɗakinsa, ƙarƙashin kulawar masu aikin, a kuma biya shi. Makarantar kimiyyar lissafin halitta ta Afirka, wadda Kétévi Assamagan ɗan Togo na cikin waɗanda suka kafa ta, ta fara zama a Afirka ta Kudu a 2010, ta zo Kumasi a 2012, ta zo Dakar a 2014. Ƙofar da ta fi kusa da yaron Maraɗi ko Damagaram ko Tawa mai son shiga wannan fage ita ce ta manhaja, ƙofar da manya ke rainawa. In muka koya wa ɗalibanmu cewa gyaran rubutun wani aikin ƙasƙanci ne, mu muka rufe musu ita da hannunmu.

Saboda haka ga abin da nake nema, daga Jeneba har Yamai. Duk wanda zai sa hannu a takardar sayen na'ura ko karɓar kyautarta, ya tambayi wa zai kula da manhajarta shekara goma masu zuwa, da wane kuɗi, kuma a wane zubi bayanan za su fito. In babu amsa, kada ya sa hannu. Duk kwamitin da ke ɗaukar malamin kimiyya ya ƙirga manhajar da mutum ya gina ko ya raya kamar yadda yake ƙirga takardun da ya wallafa. Ɗan jaridar da zai ba da labarin irin wannan cibiya kuma, bayan ya gama ɗaukar hoton ƙarfe, ya nemi waɗanda ke zaune gaban allo ya tambaye su me suke yi.

Kai kuma Mushe, na san wayar da ka karanto mana labarin da ita. Watan jiya ka zo kana faɗa cewa WhatsApp ya ƙi buɗewa sai ka sabunta, ka ba wani yaro ya yi maka, ka ce masa Allah ya yi albarka. Ba ka ce masa da tsohuwar zuma ake magani ba. Lahadi mai zuwa ina nan tafe, shayin na farko a kaina, ka zo da amsarka.